Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya gabanku yau. Ku yi haƙuri da muryata in kun ji tana rawa. Abin da zan faɗa ba mai daɗin ji ba ne, kuma da yawa cikinku da ke zaune nan kun ci abinci daga hannuna.

Sunana Laraba, amma an fi sanina da Maman Hannatu mai kifi. Muna zaune a Badariya ni da maigidana, malamin firamare ne. Shekara goma sha shida ke nan ina saro kifin banda a Argungu ina kawowa kasuwa nan Birnin Kebbi.

Kun san yadda nake a da. Ba a taɓa ganin gashin kaina a waje ba. Ba na sa ɗan kunne, ba na shafa jan baki. Ranar Lahadi kafin a buɗe ƙofar majami'a ina tsaye a bakinta. In an tashi koyar da tsarki a zumuntar mata, ni ake kira. Akwai yarinyar da na sa aka cire daga ƙungiyar mawaƙa saboda na gan ta da wando a bakin titi. Ta yi kuka, ta durƙusa, ban saurare ta ba. A lokacin gani nake ina yi wa Allah aiki.

To ga abin da ba ku sani ba.

Wata damina, shekara biyar da suka wuce, ruwa ya yi yawa, rana ta ƙi fitowa. Kifi ya riƙa yin laushi, tsutsa na cinye shi tun daga ciki. Ka ɗauki tarwaɗa mai kyau a ido, ka karya, sai gari da tsutsa. Kwando biyu na zubar a mako ɗaya. Ina zaune na yi tagumi, sai wata abokiyar sana'a ta matso ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki waye ba." Ta buɗe jakarta ta nuna mini 'yar kwalba, maganin ƙwari irin wanda ake fesa wa gona. Ta ce a zuba murfi ɗaya a ruwa, a tsoma tsintsiya, a yayyafa. Na ce, "Ba ya kashe mutum?" Ta yi dariya ta ce, "Wa kika ga ya mutu?"

Na ce sau ɗaya zan yi, damina na wucewa na daina. Damina ta wuce, ban daina ba. Murfi ɗaya ya koma biyu.

Amma ku ji wayon mugunta. Ban taɓa yarda iyalina su ci wannan kifi ba. Duk sarin da na yi, sai na ware na gida a ƙaramin kwando na rataye a kicin. Na sayarwa kuma yana ɗakin ajiya a bayan gida, a kulle. Maigidana bai sani ba. Ashe na san guba ce! Da ban sani ba, me ya sa nake warewa?

Allah bai bar ni babu gargaɗi ba. Wata safiya na buɗe ɗakin ajiya na tarar da kyanwar maƙwabta a miƙe kusa da kwando, kumfa a bakinta, kan kifi a gabanta. Na naɗe ta a buhu na jefar a bola, na wanke hannu, na ɗauki littafin waƙoƙina na tafi sujadar safe. Bayan haka tafin hannuna ya soma saɓa. Ciwon kai ba ya barina, ƙirjina yana riƙewa in na jima a ɗakin. Me na yi? Na tashi a cikin wannan majami'a na ce maƙiya sun sa ni gaba a kasuwa, a taya ni addu'a. Kuka ɗora mini hannu, kuka yi kuka domina. Allah ya gafarta mini!

Gargaɗi na ƙarshe ta bakin wanda ban zata ba ya zo. Akwai wani dattijo masunci a Argungu, Baba Manu, Musulmi ne, a wurinsa na fi saye tun ina sabuwa a sana'ar. Kamar 'ya ya ɗauke ni. Wata rana ya shigo Birni dubiyar ɗan'uwansa, sai ya biyo ta rumfata mu gaisa. Na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya yana kallon teburina, ya kalli na maƙwabciyata, sannan ya sunkuya ya dubi ƙasa. Matattun ƙudaje ne birjik a ƙarƙashin teburin.

Ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, mi kinka sa ma kihin ga?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Tsabta ce kawai."

Ya ce, "Tun ba a haihe ki ba nika banda. Kihi ba shi rabuwa da ƙuda. Dubi na maƙwabciyarki, suna bisa. Naki ko guda babu. Abin da ƙuda yaƙ ƙi, shi kika ba ɗiyan mutane?"

Na tsuke fuska na ce ya bar zancen, mutane na ji.

Ya ce, "Ni ban san karatunku ba. Amma na san ba haka anka koya muku ba. In kin zo Argungu, kak ki biyo wurina."

Ya juya ya tafi. Kun san abin da na ce a zuciyata? Na ce wane ne shi da zai koya mini tsoron Allah, ni da nake azumi duk Laraba da Juma'a? Na sauya wurin saye, na ci gaba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Da safe na yayyafa wa sabon kaya magani, na ma ƙara yawa saboda zafi da laima. Ina sauri, domin ni ce mai koyarwa a taron mata a ranar, sai na bar makullin ɗakin ajiya a jikin ƙusa bayan ƙofar kicin. Awa biyu na yi ina magana a kan yadda mace mai tsarki za ta kiyaye jikinta da harshenta. Aka yi ta tafi.

Da la'asar na dawo. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙanshin miyar kifi. Na tsaya cak, domin na san kwandon kicin ya ƙare tun ranar Alhamis. Na leƙa bayan gida. Ƙofar ɗakin ajiya a buɗe take.

'Yata Hannatu na zaune a tabarma a tsakar gida. Tana aure a unguwar Nasarawa, cikinta na fari wata bakwai. Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Mama, sannu da dawowa. Kwaɗayin kifi ne ya hana ni zama, na zo na tarar na kicin ya ƙare, sai na ɗebo huɗu a ɗakin baya. Biyu ma tun kafin in ɗora tukunya na cinye su. Baba ya ci kaɗan. Ga naki can na rufe."

'Yan'uwa, ku ji abin da na yi. Na buɗe baki, amma ko a lokacin ban faɗi gaskiya ba. Cewa na yi, "Kin wanke shi sosai?" Ta ce, "Kifinki ai ba ya buƙatar wankewa, Mama."

Ba a daɗe ba ta ce kanta na juyawa. Gumi ya karyo mata kamar an watsa mata ruwa. Sai amai. Yawu ya riƙa zuba daga bakinta ba ta iya tsayar da shi, numfashinta na ƙara kamar ana jan tsumma a maƙogwaro. Ta riƙe cikinta ta ce, "Mama, ya daina motsi." Babanta ma ciki ya murɗe shi, amma ya iya fita ya taro Keke Napep. Muka nufi asibiti.

Kafin a jima mijinta ya iso, Maman Fasto, uwargidan fastonmu, ita ma ta zo da mata biyu daga cikin waɗanda na koyar da safe. Likita ta fito, wata matashiya, ta ce, "Wace ce mahaifiyarta? Me ta ci?"

Na ce, "Miyar kifi ce kawai."

Ta dube ni ta ce, "Mama, wannan ya yi kama da guba. Mun fara abin da za mu iya, amma ina son in san ko mene ne, ga kuma ciki. In akwai abin da kika sani, yanzu ne lokacinsa."

Kowa ya zuba mini ido. Na ce ban san komai ba. Sau biyu ke nan ina ɓoye wa likita gaskiya. 'Yata na shure-shure a bayan labule, ni kuma ina kare sunana!

Maman Fasto ta kama hannuna ta ce, "Maƙiyan nan ne da kika faɗa mana. Mu yi addu'a." Na zare hannuna na fita. Na je gindin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin, rana ba ta faɗi ba tukuna, mutane na wucewa. Na durƙusa a ƙasa na soma irin addu'ar da na saba, ina ɗaure maƙiya, ina tsauta wa iblis. Kalmomin suka riƙa faɗowa kamar tsakuwa. Ban taɓa jin sama ta rufe mini haka ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ba na mutuwa ba ne, tsoron cewa Allah yana nan kusa, yana kallona, kuma ya yi shiru.

Cikin shirun nan tambaya ɗaya ta taso a zuciyata, a hankali, ba da faɗa ba: wane maƙiyi?

Na fashe da kuka. Na ce, "Ni ce, Ubangiji. Ni ce. Shekara huɗu ina ba 'ya'yan mutane abin da na hana nawa. Ba ni da bakin roƙon ka. Amma in za ka ji muryar mai kisankai, ka ji tawa. Ka ɗauke sunana, ka ɗauke sana'ar, ka bar mini yarinyar nan da abin da ke cikinta."

Ban ji murya daga sama ba. Abin da na sani kawai, na san abin da zan yi. Na tare ɗan acaɓa, muka je Badariya, na ɗauko kwalbar daga inda nake ɓoye ta a cikin tsohuwar tukunya, muka dawo. Na shiga na miƙa wa likita a gaban maigidana, da surukina, da Maman Fasto. Na ce, "Wannan nake yayyafa wa kifin sayarwa. Yau da safe na sa."

Likita ta karanta jikin kwalbar ta juya da gudu. Maigidana, da ruwan da ake ƙara masa a hannu, ya dube ni ya ce, "Maman Hannatu, tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya juyar da fuskarsa bango. Ɗaya daga cikin matan nan ta dafa ƙirji ta ce, "Jiya na saya wa yarana a wurinki."

Kwana uku Hannatu na tsakanin rai da mutuwa. Rana ta huɗu da hantsi ta buɗe ido, ta kamo hannun ma'aikaciyar jinya ta ɗora a cikinta ta ce, "Ji, yana motsi." Halleluya! Yabo ga Yesu! Haihuwar ta zo kafin lokaci, ɗan ƙarami ƙwarai, amma da ransa. Ga shi can a bayan uwarsa, yau watansa goma sha ɗaya. Ni ban cancanci in ɗauke shi ba, amma alherin Allah ya sa ana ba ni shi in goya.

Sauran kayan, rami muka haƙa mai zurfi muka binne. Na zo gaban dattawan ikilisiya na faɗi komai. Aka sa ni ƙarƙashin horo, wata shida ina zama a bencin baya, ba na cin jibin Ubangiji. A can baya na koyi tsarki fiye da duk shekarun da na yi a gaba. Yarinyar da na sa aka kora daga mawaƙa, na neme ta har gidansu na roƙi gafararta. Na je Argungu na durƙusa wa Baba Manu. Bai yi mini gori ba. Ya ce, "Tashi. Allah shi ka yahewa." Ya nuna mini yadda zan riƙa maimaita banda duk bayan 'yan kwanaki, in shanya, in sayi kaɗan wanda zai ƙare da wuri. Aiki ne mai wuya, hayaƙi na cin ido, wani lokaci kuma kifin ya lalace in zubar. Ina zubarwa.

Na kuma tsaya a rumfata na gaya wa masu sayena gaskiya, ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zage ni, wasu ba su ƙara dawowa ba, kuma suna da gaskiya.

Amma akwai wadda ban samu na gaya wa ba. Wata mata ce mai yawan shiru, ko sunanta ban sani ba. Duk Juma'a takan zo ta sayi tarwaɗa biyu, ta ce mijinta ba shi da lafiya, romon kifi kaɗai yake iya sha. Fiye da shekara tana zuwa. Wata Juma'a ba ta zo ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Ban san abin da ya same shi ba. Mai yiwuwa ciwonsa ne, mai yiwuwa sun tashi daga garin. Ban sani ba. Allah ya riga ya gafarta mini, na gaskata da wannan, amma har gobe in na ga mace mai tsayinta a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ina roƙon ku, kada ku jira sai abin ya shigo tsakar gidanku. Ke mai awo, kai mai gyaran mashin, ke mai sayar da magani, kai mai koyar da 'ya'yan mutane, abin da hannunku ke yi ranar Talata inda Fasto ba ya gani, a nan Allah yake neman tsarkinku. In akwai abin da kuke ɓoyewa, ku fito da shi yau da ƙafafunku, tun ana iya gyarawa. Yesu yana karɓar mai tuba, ni shaida ce. Ku dogara gare shi, ba zai kunyata ku ba ko da mutane sun yi.

Na gode wa Ubangiji da ya ji kukan wadda ba ta cancanta ba. In kun durƙusa yin addu'a, ku tuna da ni, ku kuma tuna da matar nan da mijinta, duk inda suke. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.