Ni Na Gano Ruwa a Man Giyar Baba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Rabi daga Agege. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Babana yana dakon nama daga mayankar Oko-Oba da motarsa otomatik. Tun ranar da ya ratsa ambaliya, in za ta canza giya sai ta fizga kamar an daki bayanta. Bakanike ya ce sai an sauke giyar gaba ɗaya. Ni kuwa shekara biyu ina sayar da kunu a garejin bakaniken, ina kallon aikinsu.

Na ce, "Baba, a duba man giya tukuna."

Bakanike ya tuntsire da dariya. "Alhaji, mai kunu ce za ta koya mini aiki?"

Sai na zaro ƙarfen awon man. Ga shi fari-fari kamar shayi da madara, ashe ruwa ne ya shiga. Aka canza man, fizgar ta lafa.

Yanzu Baba ya ce na kunyata babba, kada in ƙara taka garejin. Na ba da haƙuri, amma ai ban yi ƙarya ba. Masu sauraro, ku faɗa mini yadda zan shawo kan Baba, don kanikancin nan sai na koye shi.