Kufiyyar Yayana Ta Maganin Sanyi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Rabi, daga Bagdadiyya a Jidda.

Yayana Sani, in ana zancen Falasɗinu a majalisarsu ta unguwar Balad, muryarsa ta fi ta kowa. Kullum da kufiyya a wuya, wannan ƙyallen Falasɗinawa mai baƙi da fari. Da 'yarsa Asma'u za ta tafi karatu Ingila, a filin jirgi ya cire ya rataya mata.

Kwanan nan ɗaliban jami'arsu suka kafa tantuna, suna neman makarantar ta janye jarinta daga kamfanonin makaman da ake kashe mutanen Gaza da su. Sai ga Asma'u a bidiyo, da kufiyyar ubanta. A gabana ya kira ta a waya: "Halas, ya isa haka, cire abin nan! Yalla, maza koma ɗaki!"

Ta ce, "Baba, ai kai ka ba ni."

Ya ce, "Don sanyi na ba ki!"

Jama'a, wai sanyi! Shekara da shekaru yana yawo da ita a zafin Jidda, ashe sanyi yake ji.

Masu sauraro, me ake kiran irin wannan jarumin? Asma'u, gwaggonki na gaishe ki. Kada ki cire.