Kaset Ɗin da Ya Biyo Ni Madina

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni mai haɗa magani ne a unguwar Ƙurban, nan Madina. Ina ɗalibi a Ingila na kaɗa wa wasu mawaƙan Turawa jita. Kaset ɗaya muka yi, bai karɓu ba, muka watse.

To, wasiƙunmu nan ta akwatin kafili, wato ubangidan aikinmu, suke zuwa. Shekaranjiya mawaƙiyarmu ta aiko min kaset ɗin, ga hotonmu ta dafa kafaɗata. Kafili ya buɗe. Ya dube ni ya ce, "Asabar ka zo da iƙamarka," wato takardar izinin zamana a ƙasar.

Wallahi ko abinci na kasa ci. Matata ma ba ta san na taɓa riƙe jita ba. Jama'a, wa zan fara gaya wa gaskiya, shi ko ita?