Sandunan Sabis a Wayar Tsohuwa

A rumfar mai gyaran waya a kasuwar birnin El Alto, inda nakan tsaya kallon hanjin wayoyi, na ji wata mata tana cewa:

"Maigida, sandunan sabis ɗin nan na saman allo, ɓoye min su. Wayar mamata ce."

"Baiwar Allah, kowa ƙari yake nema, ke kuma ragi?"

"Yayana Eusebio ya tafi aikin ɗinki can birnin São Paulo, ya daina kiranta. Duk sanda ta ga sandunan a cike, sai ta tambaye ni laifin da ta yi masa."

"In ta ga babu sabis, ai dutse za ta hau nema. Haka tsofaffin ƙauye suke yi."

"Na sani. Ciwon gwiwa ina da man shafawarsa. Ɓoye su kawai."