An Rufe Yayana Ban Sani Ba

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa. Ni ne Bello, manomi daga wani ƙauye bayan Kebbe.

Yayana Umaru ne ya sayo mini rediyo a Tambuwal shekarar da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato. Da ita nake jin sanarwar rasuwa, don wayar hannu ba ta kamawa a garinmu.

Bana kuka ce ƙasashe sun koma dijital, ku ma kuka bar matsakaicin zango. Na ɗaura wa rediyon wayar eriya har saman bishiyar dogon yaro, ba na jin komai sai shuuu.

Watan jiya Yaya Umaru ya rasu. 'Ya'yansa suka kai muku sanarwa kamar yadda aka saba, suka zauna jirana. Sai ran kasuwa wani mai mashin ya tare ni da ta'aziyya, kwana tara da rufe shi.

Wa ya tambaye mu kafin a yi wannan canji? Yanzu ya za mu yi?

Ku gai da iyalansa, ku ce su yafe mini. Su za su ji ku. Ni ko kun karanta wasiƙar nan, ba zan ji ba.