Ku Bar Baba Ya Ɓare Gyaɗarsa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Ɗanzomo.

Bara bayan girbi mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Da za a sallame mu daga asibiti a Gumel, likitan gashin ƙashi ya ce kullum a ba hannun nan aiki, ko da ɓarar gyaɗa ce.

Duk safiya sai in ajiye masa faifan gyaɗa a zaure. Da farko sai ya yi gumi kafin ƙwaya ɗaya ta fashe. Ana nan ƙanwarsa, Gwaggo Talatu, ta zo dubiya ta tarar da shi. Ta fizge faifan, ta ce, "Dattijo mai jikoki kuke sa wa aikin yara, mutane na wucewa suna gani? Ba ku da kunya?"

Bakin Baba bai gama saki ba, amma ya yi ta kokawa har ya ce, "Talatu, ba ni."

Yanzu da hannun yake cin tuwo, ko da yake rabi a tabarma yake zubewa. Juma'ar da ta wuce da shi ya yi musabaha da liman.

Gwaggo kuwa har yau tana yawo da mu a dangi, wai mun wulaƙanta yayanta. Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaya zan fahimtar da ita ba tare da na yi mata rashin kunya ba? Faifan dai ba zan ɗauke ba.