Maƙwabcina Ya Rage Ƙiba, Ni Ina Nan

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ne Garba, manomin albasa daga Aliero.

Ƙiba ta sa sai bisa kujera nake sallah. Da na je asibiti, likita ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ka rage tuwo." Shi ke nan.

Maƙwabcina Malam Bulus, malamin makaranta, a da ya fi ni jiki. Amma yana da inshorar lafiya, wata ƙwararriyar ma'aikaciya na zama da shi duk wata, tana tsara masa abinci da tafiya. Jiya ya wuce bisa keke yana gaishe ni. Wallahi kishi ya hana ni amsawa.

Mu manoma, ina za mu sami mai zama da mu haka? Ku ba ni shawara.